Gwagwarmayar baƙaƙen Amurka da yadda ta shiga harsunan mutane

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da ke zaune nan gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji na kuwa? To madalla, in murya ta yi ƙasa ku ɗaga hannu kawai.

An ce in yi magana kan gwagwarmayar da baƙaƙen fata suka yi a Amurka ta neman a ɗauke su cikakkun 'yan ƙasa, da yadda mutanen duniya masu al'adu da harsuna daban-daban suke girmama ta. Na san in na ce kowa ya faɗi abin da ya sani a kai, yawancinku Martin Luther King za ku ce, da jawabin nan nasa na 28 ga Agustan 1963 a Washington gaban mutum wajen 250,000. Ba laifi, ya cancanta. Yau a Amurka akwai ranar hutu da sunansa, a 1983 aka sa hannu a dokar, aka fara hutun a 1986, tituna kuwa masu sunansa sun kai ɗaruruwa. Amma fa ku sani a 1966, yana raye yana yawo, da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa ganinsa da kyau. Wato sai da aka harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilun 1968 aka binne, sannan sannu a hankali ya zama na kowa. Shi ya sa ni in ana maganar girmamawa ba na saurin kallon gunki ko allon titi, abin da nake bi shi ne aikin da aka yi, wa ya ɗauka, ina ya kai shi, kuma da wane harshe ya yi wa mutanensa bayani. Nan zan tsaya yau.

Bari in ɗan shimfiɗa saboda ƙananan cikinmu. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma a 1896 Kotun Ƙoli ta ce babu laifi a raba farare da baƙaƙe muddin wai kowa an ba shi nasa daidai. Daidai ɗin nan kuwa ƙarya ce kowa ya sani. Makaranta daban, asibiti daban, famfon shan ruwa daban, har maƙabarta, a jihohin kudu kenan. Zaɓe kuma a takarda kana da 'yanci, amma in ka je rajista sai a ce biya haraji, sai a miƙo maka tsarin mulkin jiha a ce karanta wannan sashen ka yi mana bayaninsa, kuma magatakardan da ke zaune, farar fata, shi kaɗai zai ce ka ci ko ka faɗi. Sai 1954 kotun ta warware wancan hukunci a kan makarantu.

Labarin Rosa Parks yadda ake ba yara shi ne wai wata tela ce ta gaji da aiki ta ƙi tashi daga kujerar bas ranar 1 ga Disamban 1955 a Montgomery ta jihar Alabama, shikenan sai gari ya tashi. Haba jama'a. Matar nan tun 1943 take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ita ke rubuta ƙorafin matan da aka ci wa zarafi, kuma a daminar shekarar ta je horo a wata makaranta da ake kira Highlander a jihar Tennessee. Kafin ita ma, a watan Maris, an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, kan laifi iri ɗaya. Daren da aka kama Rosa Parks, wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson ta kwana tana buga takardun kira da injin hannu, dubbai, gari na wayewa ita da ɗalibanta suka rarraba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mutanen nan sun daɗe a shirye. Kwana 381 suka yi ba sa hawa bas, kuma su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji, suka haɗa motocin kansu wajen 300 suna kai juna aiki kamar tasha, wata mai dafa abinci Georgia Gilmore ta tara mata suna soya kaji suna gasa kek suna sayarwa ana zuba mai a motocin. King a lokacin shekararsa 26, sabon fasto ne a garin, an ɗora shi gaba ne ma don bai daɗe ba balle ya yi abokan faɗa.

To yanzu ga inda na fi so, kuma da wuya ku ji shi a jawaban tunawa. Akwai wani tsibiri a gaɓar South Carolina, Johns Island. Mutanen wurin jikokin bayi ne da aka kawo noman shinkafa da auduga, kuma saboda ruwa ya raba su da sauran ƙasa sai suka riƙe wani harshe nasu da ake kira Gullah, Turanci ne da ya gauraya da kalmomi da salon harsunan Afirka ta Yamma, Baturen birni in ya ji ba lallai ya gane ba, sai ya ce ai gurɓataccen Turanci ne na jahilai. Akwai wani mutum a can, Esau Jenkins, yana da bas yana kai ma'aikata birnin Charleston. Wata rana wata fasinja ta ce masa tana so ta yi rajistar zaɓe amma ba ta iya karatu sosai ba, sai ya fara koya wa fasinjoji sashen tsarin mulkin da ake tambaya, a cikin mota, ana tafiya ana bita. Da abin ya fi ƙarfin mota sai ya haɗu da Septima Clark, malamar makaranta ce da aka kora daga aiki a 1956 don ta ƙi fita daga NAACP, bayan shekaru kusan 40 tana koyarwa, har fansho suka hana ta.

A Janairun 1957 suka buɗe aji a bayan wani kanti, gaba ana sayar da kaya don kar farare su gane, baya ana karatu. Mutum 14 aka fara da su. Kuma da aka zo zaɓen malami Septima Clark ta ce ba ta son mai takardar koyarwa, don zai zo ya riƙa yi wa dattawa kallon yara yana gyara musu baki. Sai ta ɗauko 'yar'uwarta Bernice Robinson, mai gyaran gashi. Dalili biyu: tana jin maganar mutanen tsibirin ba ta raina ta, sannan ba farar fata ke biyanta albashi ba balle a yi mata barazanar kora. Ita kuma ba ta zo da littafin yara ba, tambayarsu ta yi me kuke so ku iya? Wannan ya ce rubuta sunana, wannan ta ce karanta wasiƙar ɗana da ke soja, wannan ya ce cike takardar aika kuɗi ta gidan waya. Sai su ba da labarin gona ko na kasuwa da bakinsu, ta rubuta yadda suka faɗa, shi ne zai zama darasin karatun. A bango kuma ta manna takardar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin ɗan Adam ta 1948, ta ce kafin a gama kowa sai ya karanta ta. Dattawan da ke nan za su tuna ajin yaƙi da jahilci, to kusan haka ne, sai dai su nasu ƙarshensa ofishin rajistar zaɓe ne. Daga 1961 ƙungiyar King ta karɓi shirin, azuzuwan suka bazu ɗaruruwa a kudu, a coci, a shagon aski, a kicin ɗin mutane, a ƙarƙashin bishiya.

Ku dubi Fannie Lou Hamer a Mississippi. Shekararta 44 a 1962 kafin ta taɓa jin cewa tana da ikon yin zaɓe, ta je rajista aka ba ta sashen tsarin mulki ta fassara, aka ce ta faɗi, ta dawo gonar da ta yi shekara 18 tana aiki mai gonar ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gida, ta bar gidan a daren. Matar nan ba ta yi boko mai nisa ba, Turancinta na gonar auduga ne, amma da ta yi bayani gaban kwamiti a taron jam'iyyar Democrat a 1964 sai da shugaban ƙasa Johnson ya kira taron 'yan jarida na gaggawa don gidajen talabijin su ɗauke kyamara daga kanta. Bayan dukan da aka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a gadar Selma ta Alabama ranar 7 ga Maris 1965, aka yi dokar 'yancin zaɓe a watan Agusta, aka dakatar da jarrabawar karatun nan. A Mississippi baƙaƙen da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba a 1964, zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

Mu kuma nan Afirka ina muka shigo? Mun shigo sosai, kuma ba a matsayin 'yan kallo ba. Ranar 6 ga Maris 1957 da Gana ta samu 'yanci King yana Accra, Nkrumah ne ya gayyace shi, kuma wani abin dariya a can ne ya fara haɗuwa da mataimakin shugaban ƙasarsa Nixon, sai da suka tsallaka teku tukuna. A Nuwamban 1960 ya zo Legas bikin rantsar da Azikiwe a matsayin gwamna janar. Shi kuwa Du Bois, dattijon da ya kasance cikin waɗanda suka kafa NAACP a 1909, a Accra ya rasu ranar 27 ga Agustan 1963, jajibirin babban taron Washington, kabarinsa na can har yanzu. Malcolm X bayan ya sauke farali a Afrilun 1964 ya biyo ta Najeriya a watan Mayu, ya yi lacca a jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida, a Yuli kuma ya je taron shugabannin Afirka a Alƙahira yana roƙon su kai ƙarar Amurka Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba su kai ba, gaskiya, kowa na tsoron tallafinsa. Fannie Lou Hamer ita ma ta je Gini a 1964 ita da matasan SNCC, ƙungiyar ɗalibai masu gwagwarmayar, baƙin Sekou Toure, ta dawo tana ba da labarin ta ga baƙar fata na riƙe da banki da gwamnati da jirgin sama, abin da ba ta taɓa gani ba a ƙasar da aka haife ta.

Sannan akwai matsin da 'yancin Afirka ya yi wa gwamnatin Amurka kai tsaye. A Oktoban 1957 ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya tsaya wani gidan abinci a jihar Delaware ya nemi lemon zaƙi aka ce ba a zama a sha in baƙi ne, abin ya zama abin kunya har shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa daga New York zuwa Washington don miƙa takardunsa, ya tsaya shan kofi a Maryland aka kore shi. Lokacin yaƙin cacar baka ne fa, Rasha na ɗaukar irin waɗannan labarai tana yaɗawa, ga sabbin ƙasashe 17 na Afirka da suka samu 'yanci a 1960 kaɗai, kusan kowace da ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta ta koma tana roƙon majalisar Maryland ta hana wariya a gidajen abinci. To kun ga ashe mun biya wani abu a ciki. Kuma mun karɓa, domin a Oktoban 1965 iskar wannan gwagwarmaya ce ta kai ga soke tsohuwar dokar shige da fice da ke fifita 'yan arewacin Turai tun shekarun 1920. Duk wani ɗanmu da ke likita a Houston ko yake tuƙa tasi a Bronx, ta ƙofar nan ya bi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma wallahi yana ba ni haushi in ji wani namu ya je can shekara biyu ya dawo yana cewa baƙaƙen Amurka malalata ne. A yi hattara da irin wannan magana.

Indiya kuwa abin zuwa da dawowa ne. Tun 1936 wani malamin addinin Kirista baƙar fata, Howard Thurman, ya je ya zauna da Gandhi. James Lawson, shi ma baƙar fatar Amurka, ya yi shekara uku yana koyarwa a Nagpur, ya dawo ya riƙa tara ɗalibai a Nashville yana horar da su yadda za a zage ka, a tofa maka yawu, a kashe maka taba a wuya, kai kuma ba za ka rama ba kuma ba za ka tashi daga kujerar ba, har gwaji suke yi a junansu. John Lewis da Diane Nash, jagororin ɗaliban gwagwarmayar, duk daga ajinsa suka fito. King da kansa ya yi kusan wata guda a Indiya a 1959. To sai kaya suka juya. A 1972 a Bombay wasu matasa 'yan Dalit, mutanen da tsarin gadon asali na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa har ake ƙyamar taɓa su, suka kafa ƙungiya suka sa mata Dalit Panthers, sun aro sunan daga Black Panther, ƙungiyar baƙaƙen fata ta Oakland a Amurka, wadda aka kafa 1966. Jagororinsu irin su Namdeo Dhasal da Raja Dhale da J. V. Pawar marubuta ne, kuma da Marathi suke rubutu, Marathin ma ba na manyan gida ba, na lungu da unguwar talakawa, har masana adabin lokacin suna toshe hanci. Abin lura, su ba Gandhi ne gwarzonsu ba, Ambedkar ne, jagoran 'yan Dalit wanda ya yi karatu a jami'ar Columbia dab da unguwar Harlem, ya jagoranci mutanensa shan ruwa a tafkin Mahad a 1927, ya kuma rubuta wa Du Bois wasiƙa a 1946. Shi da Gandhi sun yi saɓani mai zafi. Kun ga Gandhi, mutum ɗaya, a Alabama malami ne, a wajen 'yan Dalit akwai magana a kansa, a jami'ar Gana da ke Legon ma sai da aka cire gunkinsa a Disamban 2018 saboda abubuwan da ya rubuta kan baƙaƙe lokacin yana matashi a Afirka ta Kudu. Ni ban ga dalilin ɓoye wa ɗalibi ko ɗaya daga ciki ba.

Mu koma cikin Amurka, domin a can ne maganar harshe ta zama doka. A Satumban 1965 a Delano ta California, leburorin gonar inabi 'yan asalin Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka fara yajin aiki, bayan mako guda 'yan asalin Meziko na Cesar Chavez da Dolores Huerta suka shiga. Da can masu gona da wannan bambancin suke cin su, in wannan ƙabila ta yi yaji a ɗauko waccan. Taro sai an yi ta fassara tsakanin Sifaniyanci da Turanci da harsunan Filifin, ga kuma 'yan wasan kwaikwayo da suke hawa bayan a-kori-kura suna nuna wa leburori halin da suke ciki da harshensu. Shekara biyar aka yi, da ƙaurace wa sayen inabi a faɗin ƙasa irin na Montgomery, kafin masu gona su sa hannu a 1970. A Maris 1968 kuma dubban ɗaliban sakandare 'yan asalin Meziko a gabashin Los Angeles suka fice daga aji, cikin kokensu har da hukunta yaro don ya yi Sifaniyanci a makaranta. Na ga wasu na murmushi, to, da yawanmu nan an ci mu tara ko an zane mu a firamare kan mun yi Hausa a aji, ba sai na yi dogon bayani ba.

Sai shari'ar da nake so kowane ɗalibin lauya a nan ya je ya nema. A San Francisco akwai yara 'yan asalin Sin wajen 1,800 da ba sa jin Turanci kuma ba a yi musu wani tanadi ba, suna zaune a aji kawai. Hukumar makarantu ta ce ai ba mu nuna bambanci ba, aji ɗaya, malami ɗaya, littafi ɗaya da kowa. A 1974 Kotun Ƙoli, alƙalai tara babu wanda ya saɓa, ta ce wannan ba daidaito ba ne, in yaro ba ya fahimtar harshen da ake koyarwa to an rufe masa ƙofar ilimi ko da yana zaune a layin gaba. Ana kiran shari'ar Lau da Nichols. Kuma da wace doka suka kafa hujja? Da dokar hana wariya ta 1964, wadda aka samu bayan karnukan 'yan sanda da mesar ruwa a Birmingham ta Alabama da yara mata huɗu da bam ya kashe a coci ranar 15 ga Satumban 1963. Iyayen yaran Sin ba su je Birmingham ba, amma sun ci gadon. A 1975 aka faɗaɗa dokar zaɓe, Barbara Jordan ta Texas, baƙar fata, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata, aka ce inda masu wani harshe suka kai wani adadi dole a buga takardar ƙuri'a da bayanan zaɓe da harshensu, inda harshen ba a saba rubuta shi ba kamar na wasu ƙabilun asali sai a kawo mai bayani da baki. A 1978 kuma aka yi dokar tafinta a kotunan tarayya.

Amma kar in sa ku ɗauka duk inda aka kai wannan salo nasara aka yi. Ireland ta Arewa misali ce mai ɗaci. Can kowa fari ne, kowa Turanci yake yi, rabuwar ta Katolika ce da Furotesta. A zaɓen ƙananan hukumomi sai mai gida mai biyan haraji da matarsa ke da ƙuri'a, mai kamfani ma yana da ƙari, an kuma yanka mazaɓu yadda a birnin Derry Katolika sun fi yawa amma kullum su ne marasa rinjaye a majalisa, gidajen gwamnati kuma ana rabawa da son kai, domin ba mutum gida ba shi ƙuri'a ne. Suna kallon Alabama a talabijin sai suka ce ai mu ne wannan. A 1967 suka kafa ƙungiyarsu ta neman 'yancin ɗan ƙasa, suna tattaki suna rera waƙar da ake rerawa a Selma. Ranar 5 ga Oktoban 1968 'yan sanda suka far musu da kulake a Derry gaban kyamara. A Janairun 1969 ɗalibai suka yi tattaki daga Belfast zuwa Derry, sun kwaikwayi na Selma zuwa Montgomery ne da gangan, aka yi musu kwanton ɓauna a gadar Burntollet da duwatsu da sanduna. Ranar 30 ga Janairun 1972 sojojin Birtaniya suka harbe mutum 13 a wajen tattaki, na 14 ya cika daga baya. Daga nan masu bindiga suka karɓe fage, aka yi ta yi har 1998, mutum wajen 3,500 suka mutu.

Me ya bambanta? A nawa ganin, a Amurka akwai gwamnatin tarayya da kotunan tarayya da za a iya kunyatawa su tsawata wa jihohi, kuma baƙaƙen na cewa ne mu 'yan ƙasar nan ne a cika mana alkawarin tsarin mulki. A Ireland ta Arewa ita ƙasar ce ma ake jayayya a kanta, wani na cewa Birtaniya wani na cewa Ireland, to duk wanda ya fito tattaki sai a ce ai so yake ya rusa ƙasa. Salon rashin ramuwa yana buƙatar wani mai iko da kunya za ta iya kamawa. Duk da haka John Hume, wanda ya fito daga cikin masu tattakin Derry kuma bai taɓa barin hanyar King ba, shi ne ya zama ginshiƙin sulhun 1998, ya karɓi kyautar Nobel a shekarar. Harshen Irish kuwa sai 2022 aka yi dokar da ta ba shi matsayi a hukumance a yankin.

Sauran zan bi da sauri don na ga shugaba na duba agogo. A Bristol ta Ingila a 1963 baƙaƙe da 'yan Asiya suka ƙaurace wa bas don kamfanin ya ƙi ɗaukarsu aiki, Paul Stephenson ne kakakinsu, kamfanin ya sauko ranar 28 ga Agusta, ranar da King ke jawabi a Washington. A Ostireliya a Fabrairun 1965 Charles Perkins, ɗan asalin ƙasar, ya ɗebi ɗaliban jami'ar Sydney a bas suka zaga ƙauyuka, a garin Moree suka tsaya ƙofar wurin ninƙaya da aka hana yaran 'yan asali shiga. A New Zealand matasan Maori suka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000 a Satumban 1972 cewa a koyar da harshensu a makaranta, a 1982 suka fara buɗe gidajen renon yara inda kakanni ke zama da jikoki ba a yin komai sai Maori, a 1987 harshen ya zama na hukuma. Soweto ta Afirka ta Kudu kuwa ba daga Amurka suka koyo ba, tasu gwagwarmayar ta girmi Montgomery, amma ku tuna abin da ya fito da yara titi ranar 16 ga Yunin 1976 shi ne tilasta musu karatu da Afrikaans, harshen fararen da ke mulki.

Yanzu ina aka kwana a can inda abin ya faro? A 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar da huɗu, ta rusa sashen dokar 1965 da ke tantance jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su canza dokar zaɓe, ranar ma Texas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida da aka taɓa dakatarwa. A 2000 shugaba Clinton ya ba da umarni cewa hukumomin tarayya da masu karɓar kuɗinta su tanadi hanyar taimaka wa wanda ba ya jin Turanci, a Maris 2025 shugaba Trump ya soke umarnin ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma. Hutun King dai yana nan duk Litinin ta uku a Janairu, kowa na zuwa ya ajiye fure. Ita ma dokar 1975 ɗin da na yaba, rukuni huɗu kawai ta ambata, masu Sifaniyanci, 'yan asalin Asiya, ƙabilun asali, da na Alaska. Larabci ba ya ciki, harsunan Afirka babu ko ɗaya, don haka tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga Kumasi ko Agadas ta samu takardar zama 'yar ƙasa, in ba birnin da take ne ya ga dama ba, dokar tarayya ba ta tilasta a buga mata ƙuri'a da Hausa ba, abin da ta ba ta kawai shi ne ta zo da wanda zai taimaka mata a rumfar zaɓe.

Ranka ya daɗe na ci lokaci, ga kuma magariba ta gabato. Akwai wata 'yar'uwa can gefen taga da tun ina maganar Gandhi take ɗaga hannu, a miƙa mata makirufo mu fara da ita.